Alhudahudan Bayan Ɗakinmu a Ainu Shams

A ƙarshen shekarun saba'in muka zauna a unguwar Ainu Shams da ke Alƙahira, ni da maigidana, a ƙasan gidan wata tsohuwa Bamisiriya da kowa ke kira Hajja. Shi ɗalibi ne, gwamnatin jiharmu ta turo shi karatun shari'a. Ni kuwa rakiya na yi. Ban faɗi haka don raina aurena ba, ni na zaɓe shi, da ƙafata na hau jirgi ina washe baki. Sai dai wanda ya zo karatu yana da inda zai je da safe, ni ba ni da ko'ina. Larabcina bai wuce na salla ba, na kasuwa kuma daban ne. In na buɗe baki, mai tumatir kan yi dariya ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Malam, haka nake kiransa, kan fita da hantsi ya dawo la'asar, ya ci abinci littafi na kan cinyarsa. Abin da na fi ƙishirwarsa a shekarar nan shi ne ya zauna kusa da ni ba don komai ba.

Abin da ya hana ni zaucewa shi ne ɗan filin da ke bayan ɗakinmu. Bai fi shimfiɗar 'yan tabarmi ba. Tsohuwar katangar bulo ce ta kewaye shi, akwai famfo mai ɗigo, da karyayyen gadon ƙarfe da Hajja ta ƙi zubarwa, sai wata bishiya da suke kira tut. Ƙofar madafina kaɗai ke buɗewa cikinsa, don haka na mai da shi nawa ba tare da na tambayi kowa ba.

Sanyin Alƙahira jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi ya yi zamansa. Bishiyar ta zubar da ganyenta ƙarƙaf, har na yi wa Hajja nuni da hannu cewa ta mutu, a sare ta kawai. Tsohuwar ta yi dariya har ta dafa katanga, ta ce, "Sannu-sannu 'yata, rabi'i na zuwa." Ban san abin da take nufi ba. A garinmu in sanyi ya tafi zafi ne ke shigowa ko sallama babu. A can kuwa akwai wani ɗan lokaci a tsakani, rana na da daɗi a jiki, iska na ƙamshin furen lemo daga gonakin da suka rage a bakin unguwa, busassun rassa kuma su fara tsiro.

Tsuntsaye ne suka fara sanar da ni. Gwara suka cika filin da rigima, kullum a kan ciyawar sheƙa ɗaya suke faɗa alhali ga ciyawa nan birjik. Kurciya ta zo tana kukanta irin na gida, ranar da na fara jin ta sai da na share hawaye da gefen zane. Tsattsewa na shawagi kan igiyar shanya. Wani hantsi na ɗaga kai na ga manyan tsuntsaye masu kama da shamuwa, sai dai farare, suna wucewa can ƙololuwa, na ce su gaida gida, ko da yake arewa suka nufa. Akwai kuma wata 'yar dabba mai dogon jiki kamar tunku amma ba ta kai shi ba, Misirawa na ce mata irsa. Ita ce ɓarauniyar unguwa, ba ta jin kunyar kowa, ta taɓa ɗauke mini wuyan kaza ina kallonta tana kallona.

Alhudahuda ruwan shinkafata ne ya jawo shi. Na taso a gidan da ba a zubar da ruwa a banza, don haka duk na wanke shinkafa sai in juye ruwan a gindin bishiyar. Wurin ya yi laushi, tsutsotsi suka taso. Wata safiya ina tsintar shinkafa sai ga shi ya sauka, ya buɗe zankon kansa kamar mafici, ya naɗe, ya fara tafiya yana caka dogon bakinsa cikin ƙasa. Fukafukansa baƙi da fari, jikinsa launin jar ƙasa. Na motsa don in gyara faifai, ya tashi.

Daga ranar na samu aiki. Na lura ba ya son fararen kaya, sai na ware wani tsohon shuɗin zane don zaman bayan gida. Na lura sai rana ta taɓa saman katanga yake zuwa, kuma hanya ɗaya yake bi: ya sauka kan ƙarfen gado, ya duba hagu da dama, ya diro, ya ratsa tsakanin saiwoyi biyu na bishiyar zuwa inda ƙasa ta fi laushi. Na koyi zama kan kujerata 'yar tsugunno kamar an dasa ni, ƙafa ta yi sanyi ba na motsi. Ni da tun ina yarinya ake cewa ba na iya zama wuri ɗaya. Sannu a hankali ya rage nisa, har ya kai yana kiwo dab da yatsun ƙafata. Nakan yi masa magana da Hausa ƙasa-ƙasa, in ba shi labarin unguwarmu da na wanda ya ɓata mini rai a kasuwa. Bai taɓa yi mini dariya ba.

Bayan ɗan lokaci ya zo da matarsa. Suka zaɓi wani rami a katanga inda bulo ya faɗi, sama da gadon Hajja. Ta shiga ta daina fitowa, na gane kwanci take. Shi ke kai mata abinci, ya yi ta kai da kawo da tsutsa a baki, ta leƙo ta karɓa ta koma. Ramin na wari, ba zan ɓoye ba, in iska ta juyo har madafi. Amma ni kallon wannan hidimar ya fi mini rediyo.

A lokacin Malam na cikin tsaka mai wuya. Bara, kafin ya je gida ya taho da ni, ya faɗi wani darasi na hadda, in ya sake faɗi a bana za a yanke masa tallafi mu koma gida hannu rabbana, bayan mahaifinsa ya gama shaida wa gari cewa ɗansa na Masar. Yakan yi ta zarya a ɗaki yana maimaita karatu, ya kai wani wuri ya tsaya cik, ya bugi goshinsa da tafin hannu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina ba shi labarin tsuntsuna a kan abinci, amsarsa ba ta wuce "uhm". Sau ɗaya dai ya ɗago ya ce, "Amarya, kin samu babban baƙo. Malamin tsuntsaye ke nan, ya taɓa yi wa annabi aike. Yana cikin halittun da aka hana kashewa." Na ji daɗin maganar nan, na adana ta.

Wata Juma'a bayan masallaci ya zo da baƙo, wani dattijon ɗalibi mutumin Damagaram wanda ya daɗe a Alƙahira har karatun ya koma fataucin turare. Ina kawo musu shayi sai alhudahuda ya yi kuka daga kan katanga. Dattijon ya karkata kunne.

"A'a, Malam, kana da magani a gida kake kuka da hadda? Zuciyar wannan, a haɗiye ta da ɗuminta da zuma, abin da ka karanta ya zauna ke nan. Mu a wajenmu sananne ne."

Malam ya ajiye kofi da ƙarfi. "A'uzu billahi, Alhaji. Wannan haramun ne, kai ma ka sani. Khalas, a bar maganar."

"Ma'alish, ma'alish, wasa nake," in ji dattijon, yana dariya yana kallon ƙofar madafi.

Ina tsaye bayan labule kaina ya yi girma. Na ce a raina, ka ji maza. Zagaye na biyu na shayi sai da na ƙara wa Malam sukari.

Ba a daɗe ba, wata safiya ina zaune cikin shuɗin zanena sai na ji motsi. Malam ne, ya ɗauko ɗaya kujerar, ba littafi a hannunsa. Ya ce kansa ya ɗauki zafi, bari ya ga baƙon nan nawa. Na ce to sai ya canza riga, farar jallabiya ba za ta yi ba. Ya koma ya canza. Mijina, wanda ko gishiri aka ce ya miƙo sai ya gama shafi, ya koma ya canza riga don na ce.

Washegari ma ya fito, haka jibi. Abin ya zama kullum. Ba zan iya kwatanta daɗin da na ji a safiyoyin nan ba, kuma shi ya sa har yau abin ke ci mini rai. Muna zaune kafaɗa na taɓa kafaɗa, 'ya'yan tut sun fara nuna suna faɗowa suna ɓata mana kaya, shi yana tambaya ni ina amsawa. Karon farko ke nan tun zuwanmu da ni ce malama.

"Yaushe yake zuwa?"

"Sai rana ta taɓa can."

"Kullum nan yake sauka?"

"Kullum. Daga gado sai ya bi ta tsakanin saiwoyin nan. Ba ya canzawa, kamar ka da hanyar masallaci."

Ya yi dariya, ya riƙe hannuna. Bakina ya yi zaƙi, ban rage komai ba. Na nuna masa yadda ake sunkuyar da ido, na faɗa masa kada ya yi nuni da yatsa, na faɗa masa ranar da ƙasa ta fi jiƙa ya fi daɗewa yana kiwo. Da fari tsuntsun ya ƙi saukowa, yana kan katanga yana kallon baƙon. Ni na riƙa yi masa magana da muryar da ya saba, ina cewa sauko, namu ne. Ya sauko. Ranar da ya yi kiwo kusa da takalmin Malam na fi Malam ɗin murna.

A cikin kwanakin ne ya roƙe ni baƙin zaren da nake kitso da shi, ya ce bangon littafinsa ya ɓalle zai ɗinke. Na ba shi, har na ce ya kawo in ɗinke masa. Ya ce a'a, in huta.

Sai ga ranar da suke kira Shammun Nasim, ranar da Misirawa ke fita lambuna shan iska, Musulmi da Kirista, da ruɓaɓɓen kifinsu mai gishiri da ganyen albasa da dafaffen ƙwai mai launi. Malam da kansa ya hau sama ya roƙi Hajja ta tafi da ni. Ya ce tun da na zo ban ga bakin kogi da kyau ba, bai kamata ba. Na ce mu tafi tare, ya ce jarrabawa ta ƙarato. Da sassafe Hajja ta tsaya bakin ƙofa tana cewa yalla, yalla, wato in yi maza. Har na saka takalmi Malam ya ce, "Kin zuba wa baƙonki ruwa kuwa?" Na koma da sauri na juye kwano guda a tsakanin saiwoyin, ina jin daɗin ya tuna.

Na sha yawo ranar. Na ga Nilu cike da kwale-kwale, na ci albasa, kifin dai na ce Allah ya ba su lafiya, ni ba zan iya ba. Na ƙulle jan ƙwai guda a bakin mayafi na ce na Malam ne.

Da la'asar muka dawo. Madafi na fara shiga, kuma madafi ne ya fara ba ni labari. Ƙaramar wuƙata na kife kan kwando an wanke ta tas, a gidan da mai gidan bai taɓa wanke ko cokali ba. Kwalbar zumar da muka zo da ita daga gida, wadda nake tattali don mura, murfinta a karkace. Na buɗe ƙofar baya. Gwara na ta rigimarsu. Matar alhudahudan ta leƙo daga rami, ta ga ni ce, ta koma. A tsakanin saiwoyin nan biyu ƙasa ta turmushe, ga ɗan turke na tsinke a kafe, da guntun baƙin zare a ɗaure. Na san asuta, 'yan'uwana maza sun sha kafa wa tsuntsaye a gona. Na kuma san zarena. An share wurin da tsintsiya, irin sharar wanda bai iya ba, gashin fiffike guda mai baƙi da fari ya maƙale a ƙafar gado.

Na ɗauke shi na shiga ɗaki. Malam na zaune ya buɗe littafi. Na ajiye gashin a kan shafin da yake karantawa, na kwance jan ƙwan na ajiye kusa da shi. Bai ɗago ba.

"Malam, ina baƙona?"

"Wataƙila irsa ce."

"Irsa ta iya wanke wuƙa?"

Da ya kama bakinsa da ya fi masa. Sai ya fara jawo mini hujja, wai akwai lalura, wai lalura kan halatta abin da aka hana, wai malamai sun yi magana a kan haka. Ni ban yi karatun shari'a ba, amma na san muryar mutumin da ke kare kansa. Na ce ya adana wannan ya kai ɗakin jarrabawa, can ake ba da maki.

"Tsuntsu ne fa, amarya. In na faɗi, ke ma kin faɗi. Da wane ido za mu koma?"

"Na ji. Tambaya ɗaya nake da ita. Zaman da ka riƙa yi da ni da safe, don ni ka yi ko don shi?"

Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi, don ina so ya yi mini ƙarya ma in ya iya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ma'alish." Kalmar da mai bas ke faɗa in ya taka maka ƙafa.

Ban yi kuka a gabansa ba. Na koma bayan gida na zauna kan kujerata. Abin da ya fi ƙona mini rai ba yankan ba ne kaɗai. Da ya tashi wata rana ya jefe shi da dutse, da na yi fushi na huce. Amma da ɗan gari akan ci gari, kuma ni aka mayar 'yar garin. Da muryata aka sauko da shi, da zaren kaina aka kama shi, ruwan da ya taso masa da tsutsa da hannuna na zuba, an kuma tura ni yawo da albasa kamar yarinyar da ake so a ɓoye wa abu. An ci amanata, an kuma sa na ci ta wanda ya yarda da ni.

Macen ta yi ta jira. Duk inuwar da ta gifta sai ta leƙo da baki a buɗe. Na tona ƙasa da wuƙar nan na samo tsutsotsi, na taka gadon Hajja na ajiye mata a bakin rami. Ba ta taɓa ba, tururuwa suka kwashe. Ni ba ta san ni ba, mijinta ne ya san ni. Da yunwa ta ci ƙarfinta ta fito ta yi kiwo can nesa, ta dawo, ta sake fita ta daɗe. Sai iskar nan mai zafi da ke tasowa daga sahara a ƙarshen rabi'i ta kaɗa, garin ya yi ja, muka rufe tagogi. Da ta lafa ban sake ganinta ba. Wata safiya na ga irsa ta fito daga ramin tana lasar baki, a ƙasa ga ɓawon ƙwai. Wannan karon ita ce da gaske.

Hajja ta tambaye ni ina hudhud, haka suke kiransa, ta ce gidan da ya yi sheƙa gidan alheri ne. Na ce ya tashi. Ban tona wa mijina asiri ba, rufin asirin ma wani abu ne da aka san zan yi tun kafin a kafa turke.

Malam ya ci jarrabawa. Ɗalibai suka cika ɗaki, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka na ƙarar da kukar da ta rage mana. Dattijon nan na Damagaram ya zo, ya ci ya yi gyatsa, da zai fita ya ce, "Tamam, Malam, tamam," yana masa wani kallo. Ban san ko zuciyar ce ta yi aiki ba ko zaryar da ya sha yi a ɗaki. Shi ma bai sani ba, kuma ina jin wannan ya dame shi, don tun daga nan in aka yaba haddarsa sai ya kau da kai. Mun ci gaba da zama, mun haifi 'ya'ya, bai taɓa rage ni da ci ko sutura ba. Mutumin kirki ne a bakin kowa, a nawa bakin ma. Amma daga ranar, duk ya zo ya zauna kusa da ni hannu wofi, sai na ji zuciyata na tambaya me ake nema.

Shekarar da ta biyo bayan jarrabawar, da sanyi ya sake wucewa, bishiyar tut ta sake tsiro, gwara suka dawo da rigimarsu. Wata safiya ina wanke shinkafa sai na ji kukan nan daga kan katanga. Wani alhudahuda ne, ya buɗe zanko yana duban gindin bishiya. Malam ma ya ji daga ɗaki. Sai ga shi ya fito da kujera a hannu, ya canza riga, ba wanda ya ce ya canza. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallona, ina jin a wannan karon don ni ya fito.

Na ajiye kwano, na tafa hannu da ƙarfi, na kaɗa zane, na ɗauki tsintsiya na jefi katanga. Tsuntsun ya tashi ya haye gidan maƙwabta. Na ɗauki ruwan shinkafar na wuce ta gaban Malam, na juye shi a magudanar madafi.